Hulunan da Tanko Ya Zaɓa

Abdulsalami, Sarkin Bakan Dandamisa, ya rasu ya bar bindigarsa a ɗure. Ya ɗura ta da safe zai fita gonar masara saboda birai, sai ciwon ƙirji ya kayar da shi a zaure. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Bindigar kuwa aka jingine ta a kusurwar ɗakinsa. Ɗansa Huzaifa ya cire 'yar hular tagulla mai tayar da wuta da ke kanta saboda yara, ya ja ƙofa ya kulle.

Maharban ƙasar nan suna da al'ada a kan haka. Bindigar ɗuri ba a zazzage ta. In maharbi ya mutu ya bar ɗuri, ana jira sai ranar sadakar arba'in. Ranar maharba za su taru, magajinsa ya ɗauki bindigar ya harba sama. Shi ake kira sauke ɗuri. Wanda ya sauke shi ya gaji bindigar, kuma shi maharba za su kai wa dagaci a naɗa shi Sarkin Baka. In ta ƙi tashi a hannun mutum, sai a ce ba ta yarda da shi ba, a miƙa wa wani.

Ba wanda ya yi shakkar mai saukewa. Tanko ne, ƙanin marigayin. Ya haura saba'in. Dogo ne, busasshe, ba ya yawan magana. Tun daga Ikara har Kudan ba maharbin da bai san sunansa ba. Duk rayuwarsa a bayan wansa ya yi ta, bai taɓa neman gaba ba. Yanzu gaban ya zo.

Abu ɗaya ne mutane ba su sani ba. Yanar ido ce ta rufe wa Tanko idanu. Ta fara da na hagu shekarun baya, bana ta kama na dama. Yana ganin hanya, yana ganin inuwar mutum, amma ba ya ganin fuska. Da murya yake gane mutane, da irin takunsu. Ya daina shiga daji, ya ce gwiwa ce. Matarsa Mairo kaɗai ta sani, ya kuma hana ta faɗa. Maharba ba sa bin makaho. In suka sani, ko bindigar ta tashi ba za su kai shi gun dagaci ba.

Ran Talata, ana saura kwana kaɗan sadakar, ya sa Mairo ta ɗauko masa gwangwanin hulunansa. Hula 'yar ƙaramar tagulla ce, ba ta kai ƙwayar masara ba. A cikinta akwai magani mai kama wuta. Ana kifa ta a kan ɗan tsinin da ake kira nonon bindiga, guduma ta sare ta, wuta ta shiga ta tayar da albarushi. In hula ba ta kama ba, bindiga sanda ce kawai. Kuma a al'ada mai sauke ɗuri shi ke zuwa da tasa hular.

Mairo ta buɗe gwangwanin a bakin ƙofa inda haske yake. Ta leƙa ciki ta yi tsaki.

"Mene ne?"

"Malam, sun lalace. Damina ta shige su. Cikinsu duk ya yi kore."

"Duka?"

"Duka."

"To. Gobe Laraba. Zan shiga Makarfi."

"Ka aiki Huzaifa mana. Kullum yana kasuwar da rakensa."

"Wani ya zaɓa min hula?"

"To ya raka ka, ya tsaya gefenka."

"Ya tsaya ya ga me?"

Mairo ta rufe gwangwanin. "Malam, tun bara nake cewa mu je Zariya a duba idon nan. An yi wa Hauwa'u ta gidan liman aiki, ga ta nan tana saka zare a allura."

"Bayan sadaka."

"Bara ma bayan kaka ka ce."

"Na ce bayan sadaka. Ɗauke gwangwanin."

Da safe ya hau mota shi kaɗai. Hanyar kasuwar Makarfi a ƙafarsa take, bai buƙaci ido ba. Ya ratsa 'yan hatsi, ya wuce inda ake jibge rake, ya bi ƙarar guduma har layin maƙera. A ƙarshen layin rumfar Mu'awiyya take. Mu'awiyya maƙeri ne ɗan maƙeri. Ubansa ne ya ƙera wa Tanko bindigarsa ta farko. Yanzu shi ke sayar wa maharban yankin albarushi da dalma da huluna.

Tun kafin ya ƙarasa ya ji muryar da ba ya son ji. Awwalu ne na ƙauyen Taba, taubashinsa, maharbi shi ma, mai bakin tsiya.

"Kai, ku matsa! Ga Sarkin Bakan gobe nan ya zo. Mu'awiyya, shimfiɗa masa buzu, kada gwiwar ta karye mana a nan."

"Awwalu, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga naɗinka tukuna. Ko a yau in zaɓa maka hula? Na ga hannun naka yana rawa."

"Ranar da ka zaɓa min hula, a kai ni kabari."

Samarin maharba uku da ke tsugune a gefe suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mu'awiyya ya fito ya durƙusa.

"Baba Tanko, barka da zuwa. Ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Sarki, ya sa ya huta. Ya gida? Ya su Inna Mairo?"

"Lafiya lau. Hula nake so."

Ana nan wani ya kira Awwalu, wai direba zai tashi da rakensa. Ya miƙe yana cewa sai ranar sadaka, zai zo da auduga ya toshe kunne. Ya tafi.

Mu'awiyya ya jawo tire ya ajiye gaban tsohon. Gwangwani biyu ne a kai. Ɗaya na cikakkun huluna, waɗanda aka riga aka zuba wa magani. Ɗaya na fanko, tagulla zalla ba komai a ciki. Waɗannan na 'yan tsirarun tsofaffi ne da ba sa yarda da haɗin kowa. Su sayi fanko, su kankare kan ashana, su kwaɓa da nasu sirrin, su cika da hannunsu. A da gwangwani ɗaya ake ajiyewa. Bara Mu'awiyya ya ƙara na biyu, Tanko kuwa rabonsa da rumfar ya fi haka.

Maharbi da ido yake zaɓar hula. Ya ɗauka, ya juya ta ga rana, ya leƙa ciki. Mai launin toka-toka ita ce mai rai. Mai kore ta mutu. Wadda bakinta ya tsage a jefar. Kuma in maharbi yana zaɓe ba a yi masa magana, ba a nuna masa da yatsa. Wanda ya yi haka ya ce masa bai san aikinsa ba ke nan.

Tanko ya tsuguna. Abin da ya gani haske ne guda biyu a kan tire. Ya san samarin suna kallonsa, don sun yi shiru. Ya sa hannu a na dama, ya ji hulunan da ɗan maiƙo-maiƙo. Ya sa a na hagu, ya ji su sumul, a bushe, bakinsu da kaifi. Ya ce a ransa waɗannan ne sababbi.

Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ga rana. Ya kanne ido yadda ya saba yi shekara da shekaru. Bai ga komai ba. Ya ajiye ta a tafin hannu. Ya ɗauki wata, ya juya, ya tsuke baki, ya mayar. Wata kuma ya ajiye. Haka ya yi ta yi a natse har ya tara kamar goma. Ɗaya daga cikin samarin ya raɗa wa ɗan uwansa, "Ka ga yadda ake yi."

Duk daga gwangwanin fanko ya ɗiba.

Mu'awiyya ya gani. Ya buɗe baki ya rufe. Ya tuna ubansa yana cewa a ƙuruciya Tanko da kansa yake cika hularsa. Ya ce a ransa, rana irin wannan dole tsoho ya so aikin hannunsa. Ya ƙunshe su a takarda. Ya faɗi kuɗin fanko, wanda bai kai rabin na cikakku ba. Tanko ya ɗauka ragi ne aka yi masa saboda rasuwa, ya biya.

Mu'awiyya ya ɗauko kwalin ashana biyu ya ɗora a kan ƙunshin. "Baba, ga wannan ka ƙara."

Tanko ya shafa ya ji ashana ce. "Na ce maka taba nake sha?"

"A'a, Baba, na ce ko..."

"Riƙe kayanka."

Mu'awiyya ya mayar. Ya ce a ransa wataƙila tsohon yana da nasa haɗin a gida. Ya raka shi har bakin layi.

A gida Mairo ta tare shi da ruwa. "Ka samo?"

"Na samo."

"Kawo in gani a haske."

"Yaushe mace ta fara leƙa jakar maharbi?"

"Jiya da ka ba ni gwangwani ba mace ba ce?"

Ya zuba hulunan a 'yar jakar fata, ya ɗaure, ya rataya a wuya ƙarƙashin riga. Ya so ya gwada ɗaya a tasa bindigar. Amma in ya harba a gari za a zo tambaya, kuma ba a yin harbi a gidan da ake zaman makoki. Ya bar shi.

Ranar sadaka gari ya cika. An yi waina, an dama kunu, malamai sun yi addu'a a ƙofar gidan marigayi. Da hantsi maharba suka ware suka nufi filin bayan gari, gefen fadamar rake. Sun zo daga Taba, daga Kudan, daga ƙauyukan Ikara, kowa da bindigarsa a kafaɗa da layu a damtse. Mutanen gari suka biyo su suka tsaya nesa kaɗan. Mu'awiyya ma ya zo, ya tsaya a bayan maharba da hularsa ta maƙera mai baƙin gawayi.

Huzaifa ya fito da bindigar ubansa naɗe a farin ƙyalle. Magidanci ne, 'ya'yansa huɗu. Ya iya harbi, amma rake ya fi ɗauke masa hankali. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Baffa, ga ta."

Tanko ya karɓa. Ya san nauyinta. Ya san inda ƙotar ta tsage aka ɗaure da fatar akuya. Ya shafa wajen, ya tsaya kaɗan. Sannan ya fita tsakiyar fili.

Ya ja guduma baya. Ya ciro hula a jaka, ya lalubi nono da babban yatsa, ya kifa ta, ya danna. Wannan hannu ya iya shi ko ba ido. Ya yi bismilla. Ya ɗaga bakin bindigar sama ta wajen fadama. Mata a can baya suka toshe kunne. Ya ja kunama.

Ƙas.

Ƙarfe ya bugi ƙarfe. Shi ke nan.

Ba wanda ya yi motsi. Hula takan ƙi, kowa ya sani. Tanko ya riƙe bindigar a sama ya jira, ko wuta ta makara. Ba ta zo ba. Ya sauke, ya ɓamɓare hular ya yar, ya sa wata.

Ƙas.

Wani yaro ya yi dariya aka make shi. Awwalu ya ɗaga murya daga cikin maharba. "Tanko, ko barci take yi? Ka yi mata sallama tukuna!"

Aka ɗan yi dariya. Tanko bai juya ba. Ya ciro tsinke ya soka a ramin nono, ya busa. Gumi ya fara bin bayan wuyansa. Ya sa ta uku. Ya ɗaga.

Ƙas.

Yanzu ba dariya. Sai ƙus-ƙus. Ya ji wata murya daga mutanen Kudan tana cewa, "Ta ƙi shi." Wata ta ce, "Ikon Allah. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya."

Abin ya hau masa kai. Ya dangwarar da ƙotar a ƙasa.

"Ba bindiga ba ce ta ƙi ni! Hula ce! Ina Mu'awiyya? Na ji muryarsa ɗazu. Ina yake?"

Aka dare, aka turo Mu'awiyya gaba.

"Ga ni, Baba."

"Kai ka sayar min da matattun huluna. Ran Laraba, a rumfarka, gaban shaidu. Ka san ranar da zan yi aiki da su."

"Baba, ai hulunan da ka..."

"Rufe min baki! Wa ya ba ka kuɗi ka tozarta ni? Ubanka ya yi shekara hamsin a layin nan ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Kai ka zo ka zubar. Macuci! Ku ji, maharba. Yau ni ya yi wa a fili. Gobe ɗayanku zai yi wa a gaban gyadon daji."

Wannan maganar ta shiga. Kowa a wurin a hannun Mu'awiyya yake sayen hula. Aka fara hayaniya. Wani ya ce shi ma bara ta taɓa ƙin tashi masa. Wani saurayi ya cafki wuyan rigar Mu'awiyya, hularsa ta faɗi ƙasa. Wani ya ce daga yau ba mai ƙara taka rumfarsa. Mu'awiyya bai ɗaga hannu ba. Yana ta cewa, "Ku duba su. Don Allah ku duba su kawai."

"A duba!" in ji Tanko. "Huzaifa, zo ka zazzage a nuna wa jama'a."

Ya fizge jakar daga wuyansa ya miƙa. Huzaifa ya kwance ta ya zuba sauran hulunan a tafin hannunsa. Manyan maharba suka matso suka kewaye shi. Rana tana tsaka, tagullar tana walƙiya. Duk wanda ya leƙa ya ga cikinsu fes, ba ɗigon magani. Fanko ne. Yaro ma zai gane daga nesa.

Huzaifa ya ɗago ya dubi baffansa. Bai gane ba tukuna. Ya matso da hannun gaban fuskar tsohon.

"Baffa, duba."

Tanko ya sunkuya. Ya kanne ido. Ya ga haske-haske a kan wani abu mai duhu. Ya sa yatsa ya juya ɗaya. Ya miƙe ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Ga shi nan. Duk cikinsu ya yi kore. Damina ta cinye su, ya ɗauko ya sayar min."

Manyan maharba suka dubi juna.

Ya jira hayaniyar ta dawo. Ba ta dawo ba. Ya ji saurayin nan ya saki rigar Mu'awiyya. Ya ji wani ya ja da baya. Wani dattijo ya ce "Inna lillahi" a hankali. Ana jin iska a ganyen rake.

"Me kuka yi shiru? Ba ku gani ba ne?"

Takun da ya matso kusa da shi ya san shi. Awwalu ne. Ya tsaya daf da kafaɗarsa. Tun suna yara Tanko bai taɓa jin Awwalu ya yi magana ba tsokana a ciki ba. Yau ya ji.

"Tanko," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba kore. Ba komai a cikinsu. Fanko ne."

Tanko bai motsa ba.

"Gwangwani biyu yake ajiyewa yanzu. Ka ɗiba a na masu cikawa da kansu." Awwalu ya ƙara matsowa ya ce, "Tun yaushe ne idon?"

Sai a lokacin ashanar ta faɗo masa a rai. Kwali biyu. Da kuɗin da bai kai rabi ba. Da yadda ya tsuguna yana ɗaga fanko ga rana, yana tsuke baki, yana mayar da wata, samari suna koyo.

Ya so ƙasa ta buɗe. Ya so a yi dariya, ko Awwalu ya faɗi wata baƙar magana a wuce wurin. Ba wanda ya yi. Mutum sama da ɗari suna tsaye suna tausayinsa. Bai ga fuskokinsu ba, amma ya ji yadda suke kau da kai.

Ɗurin yana nan a cikin bindiga. Dole a sauke shi yau.

Wani dattijo daga Kudan ya yi gyaran murya. "To, ai abin da sauƙi. Kuskure ne. A ba shi hula mai kyau ya harba. Sama ce, ba saiti ake yi ba."

Wasu suka ce haka ne. Huzaifa ya ce, "Baffa, ina da hula a aljihu."

Tanko ya ji abin da suke yi. Za su bar shi ya harba. Za su kai shi gun dagaci ma, don kunya. Sannan duk fitar da za a yi a bar shi a gida da rawani, a riƙa gaishe shi. In an zo rabon nama a aiko masa da cinya.

"A'a," ya ce.

Ya juya inda yake zaton Mu'awiyya yake. Ya juya ba daidai ba. Awwalu ya kama kafaɗarsa ya gyara masa. Wannan ma kowa ya gani.

"Mu'awiyya."

"Na'am, Baba."

"Ina hularka?"

"Tana ƙasa, Baba."

"Wanda ya yar da ita ya ɗauka ya ba shi."

Saurayin ya ɗauka ya kaɗe ya miƙa.

Tanko ya buɗe baki. Bai taɓa ba wa sa'an ɗan cikinsa haƙuri ba, balle a gaban jama'a.

"Abin da na faɗa a kanka ƙarya ne. Na ambaci ubanka. Bai kamata ba." Ya tsaya. "Ba ka cuce ni ba. Ni ne ba na gani. Kowa ya ji?"

Aka ce an ji.

"Ka yafe."

"Baba, wallahi ba komai. Ni ya kamata in yi magana ran nan."

"Da ka yi da na zage ka. Kana da cikakkiya a jikinka?"

"Akwai."

"Zaɓo ɗaya. Kai za ka zaɓa."

Mu'awiyya ya ciro ƙunshi a aljihu. Ya duba, ya duba, ya ɗauki ɗaya ya sa a tafin tsohon. Tanko ya lalubi nono, ya kifa ta, ya danna da yatsa. Ya riƙe bindigar jim kaɗan. Ya shafa fatar akuyar nan.

"Huzaifa."

"Baffa."

"Karɓi."

"Baffa, ni? Kana raye? Ga manya a tsaye?"

"Bindigar ubanka ce. Sarauta kuma maharba su san wanda za su kai. Ba ruwana. Karɓi, hannuna ya gaji."

Huzaifa ya karɓa. Tanko ya ja da baya. Bai san inda zai tsaya ba, sai Awwalu ya ja hannun rigarsa ya tsayar da shi a gefensa.

Bindigar ta tashi tun bugun farko. Ƙarar ta daki fadama ta dawo. Tsuntsaye suka watse daga cikin rake. Mata suka yi guɗa, maharba suka yi kabbara. Tanko ya ɗaga kai. Bai ga hayaƙin ba. Warin albarushi ne ya sauko masa, na ɗurin da wansa ya yi da hannunsa.

Bai jira sauran ba. Ya juya ya kama hanyar gida. Awwalu ya biyo shi.

"Koma."

"Hanyata ce."

"Taba tana can gabas."

"Yau ta nan na ga dama."

Suka ci gaba da tafiya. Mutanen da suka gamu da su suna gaishe da Tanko da murya mai laushi, irin wadda ake yi wa majinyaci. Ya amsa wa kowa a gajarce. A ƙofar gida Awwalu ya tsaya.

"Tanko, da ka gaya min."

"Da ka yi min waƙa a kasuwa."

"Da na yi," in ji Awwalu. "Amma da na tsaya a rumfar ran nan."

Ya juya ya tafi.

Mairo tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta je filin ba. Ta ji shigowarsa ta ajiye rariya.

"Na ji ƙarar. Ta daɗe ba ta tashi ba."

"Ba ni na harba ba."

Ta dube shi. Ta ga wuyansa ba jaka. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, ta kawo ruwa. Ya zauna ya riƙe kwanon bai sha ba. Daga can bayan gari ana jin sauran maharba sun fara harba nasu bindigogin, ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, "Wasu sun bar filin da wuri. Sun ji zagin, ba su ji sauran ba. Kafin Laraba maganar ta kai Ikara."

"Wane zagi?"

"Za ki ji a gari."

Ya ajiye kwanon.

"Ki aika wa Huzaifa. Ran Laraba ya zo da babur ya kai ni Makarfi. Zan zauna a rumfar Mu'awiyya har kasuwa ta tashi. Duk maharbin da ya zo, da bakina zai ji."

"Kowa zai kalle ka, Malam."

"Su kalla."

Ta ɗauki rariyarta. Har ta fara tankaɗe ya sake magana, bai juyo ba.

"Ita Hauwa'u ɗin, wa ya kai ta Zariyar?"